Kiranyen mota alamar rashin ƙarko ne? Amsa ga mai shirin sayen 'yar Kwatano

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina tara kuɗin motata ta farko, 'yar Kwatano, kuma zuciyata tana tsakanin Camry ta 2008 da Honda Accord ɗin nan ta 2003 zuwa 2005 da ake kira EOD. Sai wani abokina ya ce Toyotar da ake ta yabo ta sha yi wa miliyoyin motocinta kiranye saboda matsala. Motar da aka yi wa kiranye ba ta da ƙarko ke nan? Kuma in kamfani ya gano aibi a motarsa, me yake yi? Gyaran yana isowa gare mu a nan?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa abin da ake tarawa albarka.

Abokinka gaskiya ya faɗa, sai dai hukuncin da yake so ka ciro daga maganar ne bai zauna ba. Babu babban kamfanin mota da bai taɓa yin kiranye ba, daga Toyota har Mercedes-Benz. Mota ɗaya tana ɗauke da sassa wajen 30,000 in ka ƙirga har da kusoshi, kuma da yawansu ba kamfanin da tambarinsa ke goshin motar ne ya ƙera su ba, saye yake yi a hannun wasu. Dole wata rana a samu wanda ya fito da tangarɗa. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wace irin tangarɗa ce, a wane inji, na wace shekara, kuma da kamfanin ya sani me ya yi.

Tunda motocin nan biyu da ka ambata galibi daga Amurka ake ɗauko su, dokar can ce ke aiki a kansu. Tun 1966 suke da dokar kare lafiyar masu shiga mota, kuma hukumar da ke sa ido ana ce mata NHTSA. In kamfani ya tabbatar akwai aibin da zai iya jawo hatsari ko rauni, yana da kwanakin aiki 5 ya sanar da hukumar, sannan ya rubuta wa duk mai irin motar wasiƙa ya kawo a gyara masa kyauta. Wannan shi ne kiranye. Ka lura da sharaɗin: aibin da ya shafi rai da lafiya. Birki, sitiyari, jakar iska (wadda ke hurewa ta kare mutum in an yi karo), wayar da za ta iya tayar da gobara. Amma injin da ke shan baƙin mai, giyar da ke suɓucewa, AC ɗin da ke mutuwa duk bazara, dashbod ɗin da ke narkewa, yawanci ba su shiga wannan layin, alhali su ne ke cinye aljihun mai mota. Shi ya sa ƙirga yawan kiranye ba zai nuna maka ƙarkon mota ba. Za ka ga motar da aka kira sau biyar a kan ƙananan abubuwa ta yi kilomita 400,000 injinta ko gezau, ka ga wadda ba a taɓa kira ba kullum tana gareji.

Irin waɗancan matsalolin ta wata ƙofa kamfani ke bi da su. Ko dai ya aika wa makanikan dillalansa takardar sanarwa cewa in mai mota ya zo da koke kaza, ga musabbabin, ga gyaran, ba tare da an gaya wa mai motar komai ba sai in shi ya kawo kansa. Ko kuma in koke ya yi yawa, lauyoyi suka fara shinshina, ya tsawaita garanti a kan wannan sashen kaɗai na wasu shekaru. Ko ya yi gum.

Camry ɗin da kake so misali ce mai kyau, don ta bi ta kusan duk ƙofofin nan. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE. Inji ne mai juriya, amma da yawa daga cikin na waɗannan shekarun suna shan baƙin mai. Laifin daga fistin ne da zoben da ke share mai daga bangon silinda: ƙofofin da man ke bi ya koma ƙasa suna toshewa da dauɗa, zoben ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Ba lallai ka ga hayaƙi a salansa ba, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, kawai ka zaro geji ka ga mai ya sauka. Toyota ba ta yi kiranye a kan wannan ba. A 2011 ta fitar da takardar sanarwa ga makanikanta, bayan wasu shekaru kuma ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wato wajen kilomita 240,000. Gwajin da suka sa shi ne a cika mai, a rufe, mai mota ya je ya yi mil 1,200 ya dawo; in ya sha abin da ya haura kwat ɗaya, kusan lita guda a kilomita 1,900, sai a canza masa fistin da zobba kyauta. Wanda nasa ya sha ƙasa da haka kaɗan, sai a ce masa lafiya lau.

Ka ga wannan wa'adin ya ƙare tuntuni ga motar 2008. Abin da ya rage shi ne ko mai ita na can ya kai an gyara ko bai kai ba. Injin duka-duka lita huɗu da ɗan wani abu yake ɗauka. In yana shan lita guda a kowace kilomita 1,500, kai kuma ba ka duba geji sai ranar juye, to kafin ranar ta zo mital, ƙarfen da sandar cikin inji ke juyawa a kansa, ya riga ya ci wuta, inji ya buga. Da yawan Camry ɗin da ake cewa "haka kawai ta buga a hanyar Zariya" labarinsu ke nan, ba haka kawai ba ne.

Inda Toyota ta yi kiranye na gaske a kan wannan motar shi ne batun totur. A watan Agustan 2009 wata Lexus ES 350 ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Bincike ya nuna tabarmar roba ce, wadda ma ba ta motar ba, ta danne totur ɗin a ƙasa. Daga nan aka kira miliyoyin motoci, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2010, aka rage tsawon totur, aka canza tabarmi. A farkon 2010 aka sake kiran wasu saboda shi kansa totur ɗin yana maƙalewa ba ya saurin dawowa, aka sa masa wani ɗan guntun ƙarfe. Na biyun nan bai shafi Camry ɗin da aka haɗa a Japan ba, waɗanda lambar shasinsu ta fara da J, don wani kamfani dabam ne ya yi musu totur. Shugaban Toyota, Akio Toyoda, ya je gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri. Amma ba a nan maganar ta tsaya ba: a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2, ya kuma amsa cewa ya yaudari jama'a da hukuma game da abin da ya sani. Ka ji kamfanin da ya fi kowa suna wajen ƙarko. Iya ƙera mota daban, faɗin gaskiya lokacin da gaskiyar za ta ci kuɗi daban.

Af, tunda muna kan tabarma: al'adar nan tamu ta ɗora tabarmar roba a kan ta asali, wani ma har da guntun kafet a sama don kada ta yi datti, a gefen direba ka rabu da ita. Guda ɗaya, a maƙale a ƙugiyarta. In kuma Allah ya kiyaye totur ya taɓa maƙale maka, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa sassaki kana sake takawa, ka tura giya zuwa N, ka gangara gefe sannan ka kashe.

Me ya sa kamfanoni ke jan ƙafa? Lissafi ne. Gyaran dala 100 a mota miliyan biyu dala miliyan 200 ne, ban da zubewar suna. Don haka a kowane kamfani akwai masu cewa a jira ƙarin hujja. Mafi munin abin da na sani a wannan fannin na General Motors ne. Makunnin da ake zura makulli a ƙananan motocinsu irin su Chevrolet Cobalt yana da ɗan sifirin da bai da ƙarfi. In makulli ya yi nauyi da tarkace, ko gwiwar direba ta taɓa shi a gargada, sai ya juya da kansa, inji ya mutu ana cikin gudu, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iska kuma ta ƙi fitowa. Injiniyoyinsu sun san da matsalar shekaru kafin a yi kiranye, kuma gyaran bai kai dala ɗaya ba a kowace mota. A 2006 aka gyara sashen a ɓoye ba tare da an canza masa lamba ba, wanda a aikin injiniya wannan babban laifi ne, domin duk mai bincike zai ɗauka tsoho da sabo abu ɗaya ne. Asirin ya tonu ne da wani injiniya da lauyan iyalan wata mamaciya ya ɗauka ya kwance tsohon makunni da sabo ya auna, ya ga tsawonsu ya bambanta. Sai 2014 aka kira motoci miliyan 2.6, kamfanin kuma ya biya diyyar rayuka 124.

Na Hyundai da Kia ya fi kusa da mu, don Sonata da Optima na 2011 zuwa 2014 sun cika titunanmu. Injinsu Theta II yana bugawa saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a hanyoyin mai na karanshaf tun daga masana'anta, ya hana mai isa ga mital. A 2015 aka kira Sonata 470,000 kawai. Wani injiniyan kamfanin, Kim Gwang-ho, ya taso daga Koriya ta Kudu a 2016 ya kai wa hukumar Amurka takardun da ke nuna abin ya wuce haka. A 2020 aka ci kamfanonin biyu tarar dala miliyan 210 saboda jinkiri, shi kuma a 2021 aka ba shi ladan dala miliyan 24. Irin wannan ɓurɓushin ne ya sa Toyota ta kira Tundra da Lexus LX 600, motar manyanmu, wajen guda 102,000 a 2024, ta kuma ce za ta sauke injin gaba ɗaya ta ɗora sabo. Aibi iri ɗaya, amma dubi bambancin ɗaukar mataki. Ni a wajena wannan ne ma'aunin kamfani, ba wai a ce bai taɓa kuskure ba.

Yanzu EOD, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai, domin wannan ba maganar aljihu ba ce.

Wani kamfanin Japan mai suna Takata yana yi wa kamfanonin mota kusan ashirin jakar iska. A cikin sitiyari, bayan tambarin nan, akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin sinadari. In aka yi karo, wuta ta taɓa sinadarin, ya ƙone cikin ƙiftawar ido, iskar da ya fitar ta hura jakar. Takata ta zaɓi amoniyam naitiret saboda araha, sinadarin da ake takin zamani da shi, wanda kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a 2020. Yana jan danshi kamar yadda gishiri ke yi da damina. Shekara da shekaru na zafin rana da sanyin dare da laima sai ƙwayoyin su yi rauni su yi ƙofofi, ranar da aka kunna su sai su ci da sauri fiye da ƙima, gwangwanin ya fashe, guntayen ƙarfe su fito ta cikin jakar su nufi fuska da wuyan direba. An samu waɗanda suka rasu a karon da ko bamba bai gama lotsewa ba. Honda ta fara kiranye a 2008 da motoci 'yan dubbai, aka yi ta faɗaɗawa kaɗan-kaɗan har abin ya kai jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, wajen miliyan 100 a duniya. Mutum sama da 25 ne aka tabbatar sun rasu a Amurka, an kuma samu mace-mace a Malesiya a cikin Honda City. Takata ta amsa laifin murɗe sakamakon gwaji, ta durƙushe a 2017.

Accord ta 2001 zuwa 2007 tana cikin jerin, wato har da EOD ɗinka da wadda ta biyo ta. Mafi hatsari su ne Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda hukumar ta ce yiwuwar fashewarsu in jakar ta tashi na iya kaiwa rabi da rabi. Kuma kada wani ya ce maka matsalar Honda ce kaɗai. A Janairun 2024 Toyota ta ce wa masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da RAV4 ta 2004 da 2005 da ba a gyara ba su daina tuƙa su sam sai an canza. Ka leƙa kowace tasha ko bakin kasuwa a Kano ka ƙirga irin waɗannan Corollar. Wani zai ce ai arewa busasshiya ce. To motar ba a Kano aka haife ta ba. Wataƙila ta yi shekara goma a Texas ko Florida, ta ratso teku, ta zauna a Kwatano ko Legas, sannan ta zo ta sha zafin Afrilu da laimar Agusta a nan. Lalacewar sinadarin taruwa take yi, ba ta komawa baya.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko gyaran yana isowa gare mu. Da kansa dai ba ya zuwa. Wasiƙar kiranye adireshin wanda ya yi wa motar rajista a can take bi. Da yawan motocin da ake kawo mana daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su bayan sun yi hatsari ko ruwa ya ci su, kuma dokar tarayyar Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da ba a yi mata gyaran kiranye ba. Da zarar ta hau jirgi, kamfanin bai san inda take ba. Wakilan kamfanonin a nan kuwa rajistar da ke hannunsu ta motocin da suka shigo ta hannunsu ce. Don haka aikin ya dawo kanka.

Kafin ka biya ko sisi, ka kwafi lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Ka tabbata biyun sun yi daidai. Na goma a jerin shi ke nuna shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A kuma 2010, don haka ba dillalin da zai ƙara mata shekara da baki. Ka shiga shafin NHTSA ko na Toyota ko Honda na Amurka a wayarka ka zuba lambar, kyauta ne, zai nuna maka kiranyen da ba a yi wa motar ba. In 'yar Turai ce shafin Amurka ba zai san ta ba. In ya nuna jakar iska ba a canza ba, ka ɗauki lambar ka je wurin wakilin kamfanin na hukuma ka nemi su duba maka, in babu hanya kuma ka bar motar, akwai wata. Kada ka yarda a ce za a sayo maka wata jakar ta gwanjo a sa, domin daga irin motocin aka ciro ta, ƙila ma ta fi taka tsufa.

Akwai kuma waɗanda jakar ta riga ta tashi tun a can. Sai a cusa tsumma ko a bar wurin fayau, a liƙe murfin, a fesa fenti, a sa wata 'yar waya da za ta ruɗi kwamfutar motar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka kalli fitilar jakar iska: ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. In kuma ta mutu a daidai lokacin da fitilar mai ko ta caji ta mutu bayan inji ya tashi, to haɗa su aka yi. Ka shafa murfin sitiyari da dashbod na gefen fasinja da hannunka, wanda aka liƙe yana da tudu da santsin da ya bambanta da sauran. Bel ɗin da ya ƙi janyewa ko ya ƙi komawa shi ma shaida ne.

Ba zan ɗora wa kamfanoni duka laifin ba. Mota ta iso lafiya, makaniki ya cire tamostat ya haɗa fanka kai-tsaye wai don ƙasarmu da zafi, inji ya daina kaiwa zafin da aka tsara masa, ya yi ta shan fetur yana tara dauɗa. A zuba ruwan rijiya a lagireto. A zuba mai mai kauri a injin da aka rubuta wa marar kauri a kan murfinsa. Giyar Honda tana da man da kamfanin ya tanadar mata, a zuba mata duk wanda aka samu a bakin titi, bayan wata shida a ce Honda ba ta da giya. Ko da yake a nan ma akwai ƙamshin gaskiya: Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004 an yi mata kiranye a 2004 saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi har ta lalace. Mai silinda huɗu ba ta cikin wannan, kuma injinta na da kyau ƙwarai.

In ni ne kai, tsakanin biyun nan Camry zan ɗauka, saboda ta fi ƙuruciya, kayan gyaranta ko'ina akwai daga Ƙofar Ruwa har Panteka, kuma aibinta irin wanda geji ke nunawa ne. Amma sai makanikinka, ba na dillali ba, ya kwance fulogi ya duba ko sun yi baƙi da maiƙo, ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya kuma bar ta ta yi zafi sannan a taka totur a kalli salansa. In kuɗinka zai ɗan miƙe, ta 2010 ko 2011 mai inji lita 2.5 ta fi, domin wani inji ne dabam da ba shi da wannan tarihin. In kuwa zuciyarka ta nace a kan EOD, mai silinda huɗu za ka nema, lambar shasinta ta nuna an canza jakar iska ta direba da ta fasinja, kuma ranar da ka karɓe ta ka sa a canza bal-joyin na ƙasa duka biyun da masu kyau, don ramukan hanyoyinmu ba su raga musu kuma ba su cika yin gargaɗi ba kafin taya ta kwanta.